Fatakwal: Sunan Bature a Bakin Bahaushe

Wasiƙar da zan fi daɗewa a kanta yau ta zo ne daga wani direban babbar mota, wanda ya ce ya shekara 14 yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Kudu. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Malam, gardama ce ta kaure mana a tasha. Wani dattijo ya ce sunan Fatakwal Hausa ce tsantsa, wai 'fataken kwal' ne aka dunƙule, domin fatake ne suka fara zuwa can sayen kwal. Wani kuma ya ce a'a, yaren mutanen garin ne. Ni na rasa wanda zan bi. Don Allah a raba mana gardama."

To ɗan'uwa, Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ku da sharrin ƙarfe. Ka gaida dattijon nan da kyau, domin kunnensa na aiki, amma a wannan karon bai dace ba. Na biyun ma bai dace ba. Fatakwal sunan wani Bature ne, Lewis Harcourt, aka haɗa shi da kalmar Turanci mai nufin tashar jiragen ruwa, ya zama Port Harcourt. Harshenmu ne ya tauna shi har ya koma yadda muke faɗarsa yau.

Labarin ya faro ne daga ƙarƙashin ƙasa. A 1909 masu binciken ma'adinai na Turawan mulkin mallaka suka gano kwal a tsaunukan Udi, kusa da inda birnin Inugu yake yanzu. A wancan zamani kwal shi ne abincin jirgin ƙasa da jirgin ruwa, kuma daga Ingila ake jigilarsa zuwa nan da tsada. Samunsa a cikin ƙasa babbar riba ce, sai dai kwal kaya ne mai nauyi, ba a kai shi bakin teku a ka ko a kan jaki. Dole a shimfiɗa layin dogo, dole kuma layin ya ƙare a inda babban jirgin ruwa zai iya tsayawa. Nan gizo ke saƙa. Duk wanda ya taɓa shiga yankin Neja Dalta ya san ƙasar fadama ce da taɓo da 'yan rafuffuka masu ratsa juna, inda ruwa yake da zurfi babu tudu, inda tudu yake babu zurfi. A 1912 aka dace da wani wuri a gaɓar Kogin Bonny, kimanin kilomita 66 daga bakin teku, inda busasshiyar ƙasa mai tauri ta zo har bakin ruwa mai zurfi. Aka tsayar da shawara a nan za a kafa tasha. Zuwa 1916 layin dogo ya haɗa tashar da Inugu, kwal ya fara gangarowa.

Gwamnan da aka yi wannan aiki a hannunsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Frederick Lugard ne, wanda kakanninmu suke kira Gwamna Lugga, wanda a zamanin mulkinsa na farko a Arewa aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ya tafi Hong Kong, aka dawo da shi a 1912 don ya haɗe Kudu da Arewa, abin da ya tabbata ranar 1 ga Janairu 1914. Ubangidansa a Landan shi ne Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, kuma daga 1910 zuwa 1915 Lewis Harcourt ne ke kan wannan kujera. A watan Agusta 1913 Lugga ya rubuta masa takarda yana neman izinin sanya wa sabuwar tashar sunansa. Dalilin da ya bayar shi ne wai bai sami wani sunan gargajiya da ya dace da wurin ba. Harcourt ya amsa cewa ya yarda da farin ciki.

Wannan dalili na Lugga shi ne ya fi tsaya mini a rai. Wurin ba daji ba ne da babu kowa. Mutanen Ikwerre na Diobu suna noma a kan tudun, masunta na Okrika suna kamun kifi a ruwan, har ma sai da Turawa suka sa shugabanninsu suka sa hannu a yarjejeniyar karɓar filin a wannan shekarar ta 1913. Mutumin da ka ƙulla yarjejeniya da shi a kan ƙasarsa, yaya za a ce ba shi da sunan da yake kiran ƙasar? Ikwerre suna kiran wurin Iguocha, Inyamurai kuma Ugwu Ocha, wato farin tudu, saboda gaɓar nan mai tsayi da ake hangowa daga ruwa. Wato abin da ya ja hankalin injiniyoyin Turawa zuwa wurin, shi ne masu wurin suka riga suka gani suka raɗa masa suna da shi. A al'adarmu ranar bakwai ake raɗa wa jariri suna, a yanka rago, a raba goro, kuma uba ne ke raɗawa. Abin da Lugga ya yi kamar mutum ne ya tarar da yaro da sunan yankansa, ya ce bai ji ba, ya laƙaba masa sunan maigidansa don ya faranta wa maigidan. A wannan lokacin ne kuma ya zaɓi Kaduna ta zama hedikwatar Arewa, can kuwa ya bar wa garin sunan kogin da ya tarar. Ashe in ya ga dama yana jin sunayen gida.

Shi kansa sunan Harcourt ba asalin Ingila ba ne. Sunan wani ƙauye ne a yankin Normandi na Faransa, wanda zuriyar da ta fito daga can ta tsallaka da shi Ingila bayan mutanen Normandi sun ci ƙasar a 1066. Ka ga suna ya yi fatauci: daga ƙauyen Faransa zuwa gidan masu mulki a Ingila, daga can zuwa bakin Kogin Bonny, daga nan ya hau jirgin ƙasa ya iso Kano.

Yanzu ga inda aikina yake, wato yadda Port Harcourt ta rikiɗe ta zama Fatakwal. Babu harafi ɗaya a ciki da ya sauya da ka. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", sauti ɗaya ne a wurinta, da leɓɓa biyu ake yinsa, shi ya sa duk kalmar aro da ta zo da "p" muke rubuta ta da "f": fasinja, fenti, fakiti, famfo, fasfo, fursuna, firamare. Sai wasalin "o" gajere, wanda Hausa ba ta son ya zauna a tsakiyar kalma, sai ta mai da shi "a". Haka muka sami dakta da bam da dala da fasta. Harafin "r" na farkon sunan da na tsakiyarsa kuwa, Turawan Ingila da kansu ba sa furta shi, a takarda kawai yake. Kakanninmu kuma ba a takarda suka ga sunan ba, a baki suka ji shi, kuma ina kyautata zaton daga bakin akawuna da ma'aikatan reluwe 'yan Kudu, waɗanda sukan haɗiye "h" ɗin su ce wani abu kamar Potakot. Har gobe matasan garin Pitakwa suke ce masa. Daga Pota zuwa Fata taki ɗaya ne.

Rabin ƙarshe ya fi daɗi. Idan "ko" ta faɗo a gaɓar da baƙi ya rufe, ko kuma wasalinta gajere ne, Bahaushe "kwa" yake cewa. Dubi kwas, kwastan, kwamiti, kwangila, kwalara, kwaleji, kwamfuta. Wannan ba ga kalmomin aro kaɗai ya tsaya ba, a cikin gida ma haka ne: muna cewa ƙwarya, jam'inta kuwa ƙore, saiwa ɗaya ce, gaɓa ce ta rufe a ɗaya ta buɗe a ɗayan. To "kot" ta zama "kwat". Saura "t" ta ƙarshe, yaya aka yi ta koma "l"?

Amsar tana cikin kalmar da dattijonku ya kawo da kansa. Mene ne tilon fatake? Farke. A wasu garuruwan kuma falke. Ina "t" ɗin ta tafi? Tana nan, sauya riga ta yi. A Hausa idan "t" ta zo ƙarshen gaɓa, ba wasali a bayanta, takan koma "r", ita kuma "r" ɗin a bakin wasu ta koma "l". A fatake wasali ya biyo ta sai ta tsira, a farke babu wasali sai ta juye. Haka Basakkwace ke cewa biyat, Bakano ya ce biyar, wani ya ce biyal. Wani masanin harshe Bajamushe, August Klingenheben, shi ya fara tsara wannan ƙa'ida a rubuce a ƙarshen shekarun 1920, har yau kuma ɗaliban Hausa a jami'a da sunansa suke kiranta. Amma tun kafin a haife shi tsohuwa a ƙauye take bin ta ba tare da ta san tana bi ba. Saboda haka kwat ta zama kwar ko kwal hanya ce da harshen ya saba takawa.

Sai dai akwai abin da ya kamata in faɗa don adalci ga dattijon. Hausa tana da hanya fiye da ɗaya ta yi da irin wannan "t". Kalmar Turanci ta ɗakin shari'a, wadda furucinta ya yi daidai da ƙarshen sunan Harcourt, wasali muka ƙara mata muka ce kotu. Rigar Turawa kuwa muka bar ta kwat yadda take. Me ya sa a sunan garin kaɗai aka zaɓi "l"? A ganina a nan kwal ya sa hannu. Mutumin da ya sauka a tashar garin a shekarun 1930, abin da zai fara gani tarago-tarago ne na baƙin dutse daga Inugu, ƙurarsa a rigar kowa, ana ce masa sunansa kwal. Kunne yana son abin da ya sani. In ya ji baƙuwar kalma mai kama da wadda ya riga ya riƙe, sai ya ja ta zuwa gare ta. Don haka kwal bai haifi sunan ba, amma mai yiwuwa ne shi ya yi masa aski. Fatake kuwa ba su da hannu ko kaɗan. Kwal na gwamnati ne, jirgi ke ɗaukarsa, ba hajar da farke ke ɗaura wa jaki ba ce. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a binciken asalin kalmomi babu karin maganar da ta fi wannan amfani. Sau da yawa kalmomi biyu kan yi kama kamar tagwaye alhali ko gari ba su haɗa ba.

Na tuna wani tsoho a unguwarmu da ya yi aikin reluwe tun yana saurayi, yana zuba kwal a tukunyar jirgi. In ya zauna a kan dakalinsa da yamma yana jan carbi, yakan lissafa mana tashoshin hanyar kamar mai karanta wasiƙa: Kaduna, Kafanchan, Lafiya, Makurɗi, Inugu, Aba, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Fatakwal, ƙarshen dogo." Ya ce kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a jirgin fito ake tsallakar da kaya Kogin Binuwai, shi bai riski wannan ba amma magabatansa a aikin sun ba shi labari. A tafin hannunsa akwai wasu baƙaƙen layuka da ya ce sabulu ya gaza da su. Ban taɓa jin ya ce Port Harcourt ba, ko da yake ya iya karanta sunan a allon tasha.

Wannan ya kawo ni ga wasiƙa ta biyu, daga wata ɗalibar sakandare. Ta ce ta rubuta Fatakwal a insha'in Hausa, malaminsu ya ja mata jan biro, ya ce wannan faɗar waɗanda ba su je makaranta ba ce, ta rubuta sunan daidai. Tana tambaya wa ke da gaskiya.

'Yata, ki girmama malaminki, amma a wannan ke ce da gaskiya. In kina rubutu da Turanci, ki rubuta Port Harcourt. In da Hausa ne, Fatakwal ita ce daidai, kuma haka gidajen rediyo da jaridun Hausa suke faɗa suke rubutawa. Kowane harshe mai rai haka yake yi da sunayen garuruwan da masu shi suke hulɗa da su. Larabawa na cewa Alƙahira, Turawa sun ce Cairo, ba wanda ya kira su jahilai. Mu muna da Badun da Anacha da Inugu da Kalaba da Yamai. Garin da kika ga Hausa ta yi masa suna irin nata, shaida ce cewa Hausawa sun je, sun zauna, sun ci kasuwa a cikinsa shekara da shekaru. Wanda ba su sani ba sai a taswira, shi ake bari da rigarsa ta aro.

Akwai ma wani abu da waɗannan sunaye ke faɗa mana, in aka jera biranen bakin teku guda uku. Legas sunan da 'yan Fotugal suka ba wurin ne, ma'anarsa tafkuna. Masu garin Eko suke cewa, kuma tsofaffin Hausawa Ikko suka sani, daga baya Legas ta shigo ta danne ta. Babban birnin Gana kuwa, wanda Turawa ke rubutawa Accra, Hausawan zango Ankara suke ce masa, kuma wannan ba ta da wata alaƙa da Ankara ta Turkiyya. Daga Nkran ta fito, sunan da mutanen Akan ke kiran wurin da shi, wato irin tururuwan nan masu tafiya runduna-runduna. Ki lura faɗarmu ta fi ta Turawa kusa da asali. A fahimtata dalili shi ne, Ikko da Ankara mun san su ta hanyar ciniki, daga bakin 'yan ƙasa, ba sai da Bature ya yi mana tafinta ba. Fatakwal kuwa babu birni a wurin kafin 1912, kuma layin dogon Gabas bai haɗu da na Arewa ba sai a 1927. Da Hausawa suka fara sauka da yawa, da shanunsu da sauran hajarsu, sunan Bature suka tarar a allo, shi suka ɗauka. Da a ce ayarin fatake ya saba zuwa wurin tun kafin Lugga, da yau wata kalma muke faɗa mai kama da Iguocha.

Wani mai karatu daga Maraɗi ya tambayi ma'anar "suna linzami ne", ya kuma ƙara da cewa, in haka ne, ba ya kamata garuruwan da ke ɗauke da sunayen Turawa su yar da su ba?

Linzami ƙarfen nan ne da ake sa wa doki a baki, a ɗaura masa ragama, mahayi ya ja dama doki ya yi dama, ya ja baya ya tsaya cik. Ma'ana ta kusa ita ce, da suna ake juyo da mutum. Ka shiga Kasuwar Kurmi ana hayaniya, ka ƙwala kiran sunan mutum, ko yana tsakiyar ciniki sai ya waiwayo, kamar ka ja shi da igiya. Ma'ana ta nesa kuma, suna yana jan mai shi zuwa halin da ya dace da sunan, shi ya sa iyaye ke zaɓar na annabawa da sahabbai da mutanen kirki, kuma in yaro mai suna Aminu ya ci amana sai ka ji an ce bai ci sunansa ba.

Game da garuruwa, wasu ƙasashen sun bi ra'ayinka. Babban birnin Gambiya labarinsa ɗaya ne da na Fatakwal: Turawa sun kafa shi a bakin teku a 1816, suka sa masa sunan Bathurst, sakataren da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka a lokacin. A 1973 aka mai da shi Banjul. A wannan shekarar ce Chadi ta sauya Fort Lamy zuwa N'Djamena, shi kuwa Lamy hafsan Faransa ne da ya mutu a yaƙin da aka kashe Rabe a Kusuri a 1900. Kamaru ma ta mai da Victoria zuwa Limbe a 1982. Fatakwal ba ta sauya ba, ko da ta zama babban birnin Jihar Ribas a 1967. Ni a nawa ganin wannan magana ta masu garin ce, kuma ba mai sauƙi ba ce, domin Ikwerre da Okrika kowa na da nasa tarihin wurin, kuma zaɓar sunan ɗaya na iya tayar da ƙurar da sunan baƙo ya kwantar. Mu da muke zuwa cin kasuwa ba mu ne za mu yanke musu ba, tun da an ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Abin da ya rage namu shi ne mu san cewa akwai sunan da aka binne a ƙarƙashin wanda muke faɗa, mu kuma iya ambatonsa in an tambaye mu.

Ta ƙarshe gajeriya ce. Wani ya ce, tun da ƙasar Hausa ba ta da teku, ina muka sami kalmar? Wasu na ganin daga Yarabanci ta zo, daga "eti okun", wato bakin babban ruwa, abin da mutumin Ikko zai ce wa baƙon da ya tambaye shi ina ne nan. Malamai kuma tun da can suna da tasu ta Larabci, bahar, wadda ta rage mana a Bahar Maliya da alhazai ke tsallakawa. Jirgi kuwa tamu ce ta gado, sunan kwalekwalen fito ne a kogi. Da na Turawa ya iso Kano a kan dogo a 1911 sai aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya sauka a 1925 aka ce jirgin sama, shi kuma na asalin dole ta sa aka ƙara masa "ruwa" don a bambanta shi da ƙannensa.